Wai sunan Allah ne ya fito a jikin rana?

Hajiya Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ku dubi wannan hoton. Ƙanwata ce ta turo min daga Kano da asubar nan. An ce Turawa ne suka ɗauki rana tana aman wuta, sai ga sunan Allah ya fito ɓaro-ɓaro a gefenta na dama. Wai sun so su ɓoye, Allah ya tona asirinsu. Wallahi tun da na gani tsigar jikina ke tashi. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya tura wa zaure goma zai ji labari mai daɗi kafin Juma'a.

Mai Albasa Mile 12: Allahu Akbar! Subhanallah.

Direban Tanka Apapa: Gani ya kori ji. Ga shi nan, alu, lallan, ha kuri, ko ɗan da bai kai izu ɗaya ba zai karanta. Kwana uku ke nan ina kan layin lodi, ban yi barcin kirki ba, amma wannan hoton ya wanke min gajiya. Hajiya Allah ya saka da alheri. Na tura wa zaure huɗu, saura shida.

Maman Godiya Ikeja: Ina kwananku. Hajiya, ki gafarce ni, ba gardama na zo yi ba. Wannan hoton ya shigo zauren zumuntar matan majami'armu makon jiya, sai dai namu a kwance yake, naki a tsaye. A namu an rubuta cewa mala'ika ne ya buɗe fukafukai, wasu suka ce Yesu ne ya miƙa hannuwa. Mata sun yi ta waƙar yabo, wata har kuka. Shi ma an ce a tura wa mutum goma. Ki kwantar da wayarki gefen hagu ki gani, abin da kuke gani kamar lam biyu su ne fukafukan.

Mai Albasa Mile 12: Kai! Na juya. Wallahi ga fukafukai nan. To yanzu wanne ne?

Direban Tanka Apapa: Wannan juyi ne na masu juyi. Ai ko allo ka kifa, karatun ba zai fito daidai ba. Maman Godiya, da girmamawa, kowa ya tsaya a nasa.

Ɗan Alaba Mai Sola: Ni na juya shi sama ya koma ƙasa, na ga kan ragon Layya da ƙaho biyu. Ƙila yunwa ce.

Shugaban Zaure: Ɗan Alaba, a yi hattara da wasa, akwai sunan Allah a cikin maganar. Ina 'yarmu ta Akoka? Ke ce mai karatun kimiyya, zo ki ce wani abu kafin a fara jifa.

Ɗalibar Akoka: Ina wuni iyayena. Yanzu na fito daga aji. Hajiya, hoton rana ne na gaske, irin wanda wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka ke ɗauka. Ana kiransa SDO, an harba shi a watan Fabrairu na 2010, kuma ba shi da wani aiki sai kallon rana dare da rana. Batun ɓoyewa kuwa babu shi, don hotunan a buɗe suke a intanet, kowa na iya shiga ya sauke kyauta, mu ma da su ake koya mana.

Amma akwai abin da ya kamata a sani. Wannan launin zinare da kuke gani, mutane ne suka shafa. Na'urar tana ɗaukar wani irin haske ne da idon ɗan'adam ba ya iya gani ko kaɗan, sai masana su ba kowane nau'i launinsa don su bambance: wannan ruwan zinare, wancan ja, wancan kore, wancan shuɗi. Kowane launi yana nuna iskar da ke kan wani mataki na zafi. Da za ka je kusa ka duba da idonka, ba za ka ga wannan zanen ba.

Su kuma waɗannan layukan da suka tashi suka lanƙwasa, iska ce mai tsananin zafi take bin hanyar maganaɗisun rana. Wanda ya yi firamare zai tuna lokacin da malami ke zuba garin ƙarfe a kan takarda ya sa maganaɗisu a ƙasa, sai garin ya jeru baka-baka. To shi ne wannan, sai dai baka ɗaya na iya haɗiye duniyarmu sau da yawa, tunda faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. In waɗannan layukan suka murɗe suka sarƙe, sai su tsinke su sake haɗuwa, ƙarfin da ke ciki ya fashe lokaci guda. Wannan fashewar ce tartsatsin rana.

Direban Tanka Apapa: Duk wannan dogon turanci ne da Hausa. Ƙanwata, tambaya ɗaya: sunan ya fito ko bai fito ba?

Ɗalibar Akoka: Yaya Direba, bari mu yi lissafi. Na'urar tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa 12. A yini guda hoto 7,200 ke nan a launi ɗaya kacal, kuma launukan sun kusa goma. Ka ninka da shekara fiye da goma. Layuka ne tsaye da masu lanƙwasa, suna motsi ba tsayawa. In ka zauna kana tacewa za ka samu alif, za ka samu gicciye, za ka samu taswirar Najeriya, har ragon Ɗan Alaba. Wani ne ya zauna ya zaɓi ɗaya, ya yanke gefen da yake so, ya tsayar da shi yadda zai karantu. Hotunan asali suna da kwanan wata da lokaci a rubuce a ƙasa. Wannan an datse wurin. Me ya sa aka datse?

Direban Tanka Apapa: Wato kina nufin Allah ba zai iya rubuta sunansa a halittarsa ba? A'uzu billahi. Shi da kansa ya ce zai nuna mana ayoyinsa a sasannin sama da cikin kawunanmu. Wannan boko in ba a yi hankali ba sai ya raba mutum da imaninsa yana murmushi.

Ɗalibar Akoka: Ban faɗi haka ba Yaya. Sallar azahar na idar kafin na rubuto muku.

Shugaban Zaure: Direba, ka janye wannan. Ba a auna imanin mutum a zaure. Allah gafarta Malam, muna jiran ka.

Malam na Agege: Wa alaikumus salam. Na karanta duka tun daga sama. Direba, ayar da ka kawo gaskiya ce, tana ƙarshen Suratu Fussilat. Amma ka koma baya kaɗan a cikin surar, aya ta 37, za ka ga an ce dare da yini da rana da wata suna cikin ayoyinsa. Ita ranar kanta ita ce ayar. Kullum tana fitowa ta kan lagun ta faɗi ta wajen Badagry, ba ta taɓa makara ba, ba a taɓa kai ta gareji ba. Wanda wannan bai ishe shi ba har sai an yi masa rubutu a kai, ya binciki zuciyarsa.

Babu Musulmin da zai ce Allah ba zai iya ba. Amma “zai iya” daban, “ya yi” daban. In ka ce ya yi, ka ba da labari ne game da Allah, kuma labari game da Allah yana son hujja.

Ku tuna ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina. A ranar aka yi kusufin rana. Mutane suka ce ai saboda rasuwar yaron ne. Ku duba fa, magana ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, ga shi yana cikin baƙin ciki, da ya yi shiru babu mai zarginsa. Amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in kun gani ku yi sallah ku yi addu'a. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Wanda aka yi wa wahayi ya ƙi karɓar fassarar da ta yi masa daɗi, to mu su wa?

Sai batun “tura wa zaure goma ka ji labari mai daɗi kafin Juma'a”. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Wa ya ba shi wannan alkawarin? A da da takarda ake yi, a raba a ƙofar masallaci a ce wanda bai kwafa ba zai ga masifa. Yanzu ta koma waya.

Direban Tanka Apapa: Allah gafarta Malam, na ji, kuma na janye maganar da na yi wa yarinyar nan. Amma ko ba hujja ba ne, in ya sa wani ya ce Subhanallah, ina laifi? Ni ya sa na yi salati ya fi ɗari a cikin mota.

Malam na Agege: Salatinka yana nan, Allah ya karɓa. Laifin yana gaba. Ina da ɗalibai 'yan sakandare a Islamiyya, wayarsu ta fi tawa. Ka nuna wa yaro wannan ka ce hujjar Musulunci ce, gobe abokinsa ya nuna masa an juya shi an ce mala'ika ne, jibi ya gano an datse shi. Ba hoton kaɗai zai jefar ba, har da kai da ka nuna masa, har da abin da ka koya masa na gaskiya. Na ga irin haka da idona.

Mahauci Oko-Oba: Malam ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu a mayanka mun saba da wannan. Kun tuna a 2008 da aka yi ta labarin tsokar nama da aka ce sunan Allah ya fito a jikinta a wani gidan abinci a Birnin Kebbi, jama'a suka yi ta tururuwa? To ni ma ta taɓa faɗo min. Wata safiya ina gyara tumbi, yarona ya ce Baba dubi nan. Jijiyoyi ne farare suka jeru uku, ɗaya ta naɗe. Kafin in ce a rufe, wani ya daka kabbara. Cikin minti goma teburina ya cika, masu waya suna hawa kan juna, matan Yarbawa masu sayen kayan ciki suna tambaya me ya faru, wani ya ce a kai masallaci, wani ya ce a sa a firji kar a sayar. Da ƙura ta lafa, wuƙaƙena biyu sun tafi, cinya guda ta bi su, ciniki kuma ya wuce ni don masu abinci ba sa jiran kowa. Shekara 30 ina fiɗa. Duk wanda ya san nama ya san jijiya da kitse kullum cikin zane suke. In kana nema, kowace saniya da rubutunta.

Ɗan Alaba Mai Sola: Baba Mahauci, wanda ya ɗauki cinyar shi ya ji labari mai daɗi kafin Juma'a.

Maman Godiya Ikeja: Kai Ɗan Alaba, Allah ya shirye ka. Mu ma fastonmu ya tsawata a kan hoton ranar Lahadi, ya ce a daina turawa. Amma matan da suka yi kuka ba munafunci suka yi ba, na san su.

Ɗalibar Akoka: Haka ne Mama, ba munafunci ba ne, haka aka gina ƙwaƙwalwarmu. Jariri tun yana kwanaki a duniya yake bin abin da ya yi kama da fuska. Ɗigo biyu da layi ɗaya sun isa. Ku dubi gaban danfo, fitila biyu da baki. Ku dubi soket ɗin bango. A ɗakinmu na makaranta akwai inda damina ta jiƙa silin, ni ina ganin tsohuwa da ɗankwali, abokiyar kwanana 'yar Inugu tana ganin kifi.

Su Turawan ma ba su tsira ba. A ranar 26 ga Oktoba 2022 NASA da kanta ta saki hoton rana ta ce ga ta tana murmushi: baƙaƙen wurare biyu kamar idanu, ɗaya a ƙasa kamar baki. Wuraren nan ƙofofi ne da iskar rana ke tserewa ta cikinsu da gudu, shi ya sa suka yi duhu a hoton. A Oktoban 2014 kuma an samu wani da Amurkawa suka ce kabewa ce da aka sassaƙa wa fuska, don a watan suke bikin da ake sassaƙa kabewa. Bahaushe da ya ga wannan hoton ba zai taɓa tuna kabewa ba. A 1976 wani kumbo mai suna Viking 1 ya ɗauko wani dutse a duniyar Mars da ya yi kama da fuskar mutum, aka shekara 25 ana cewa wasu halittu ne suka gina. A 2001 aka sake ɗauka da na'ura mai kyau, sai ga tsauni kawai da inuwa.

Baba Maigadi Ikoyi: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ni ban ga komai a hoton ba sai wuta. Amma 'yata ta Akoka, ina da tambaya. Rediyona na gajeren zango ya fi shekara 20 a hannuna, da shi nake jin BBC da Jamus. Wani lokaci ina zaune a bakin get da rana tsaka ana cikin labarai, sai murya ta nutse kamar an tura mai maganar cikin rijiya. In murɗa nan shiru, in murɗa can shiru, duk tashoshin waje sun mutu, amma na FM na nan Legas suna ta kiɗansu. In buɗe baya in lashi batir, da ransa. Bayan kamar rabin awa sai su dawo da kansu. Wani ya ce min gwamnati ce ke toshewa. Da dare kuma bai taɓa yi min irin wannan ɗaukewar ba. Ko ranar nan taku tana da hannu?

Ɗalibar Akoka: Baba, wallahi ka ba ni daɗi. Abin da ka kwatanta shi ne ainihin sawun tartsatsin rana, ka fi mai hoton kusa da ita. Muryar gajeren zango daga nesa take zuwa, sai ta haura sama ta daki wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, ta dawo ƙasa, kamar ƙwallo da bango. In rana ta yi tartsatsi mai ƙarfi, haskensa yana iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, duk da nisan kilomita miliyan 150. Sai ya cika ƙasan wannan rufin da lantarki, ya zama kamar soso, maimakon murya ta wuce ta dawo sai ya shanye ta. FM kuwa kai tsaye take zuwa daga eriyar tasha, ba ruwanta da sama. Kuma gefen duniyar da ke fuskantar rana kaɗai abin ke samu, shi ya sa da dare kake lafiya.

Baba Maigadi Ikoyi: Ikon Allah. Ashe na zagi gwamnati a banza. To ta ci wannan, akwai sauran.

Mai Albasa Mile 12: To wai abin yana da haɗari ne? Kar wata rana ta ƙone mu.

Ɗalibar Akoka: Mu da ke ƙasa iskar duniya da maganaɗisunta suna kare mu, Kawu. Kayan lantarki ne ke shan wahala. Wani lokaci bayan tartsatsin, rana takan watso wani gajimare na iska mai lantarki, shi kuma yakan yi kwana ɗaya zuwa uku ko fiye a hanya. Mafi shahara shi ne na 1 ga Satumba 1859, shekara biyu kafin Ingila ta karɓe Ikko, wato Legas, daga hannun Oba Dosunmu. Wani Bature mai suna Richard Carrington yana zana baƙaƙen tabon da ke jikin rana, sai ya ga wurare biyu sun yi fari fat na kamar minti biyar. Kafin a yi awa 18 wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka rikice, suna tartsatsi, suna jan ma'aikata. A 13 ga Maris 1989 irinsa ya kashe wutar lardin Kebek na Kanada, mutum wajen miliyan 6 suka yi awa 9 a duhu. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam na Starlink 49, kusan 40 suka faɗo saboda iskar sama ta kumbura ta riƙe su. Sai kuma na 10 da 11 ga Mayu 2024, wanda a lokacin ya fi kowanne ƙarfi tun 2003. Sama ta yi ja da kore har a Meziko, manoma a Amurka kuma taraktocinsu masu bin GPS suka ɓace hanya ana tsakiyar shuka.

Kuma abin yana da lokaci. Kusan duk shekara 11 rana takan hau ta sauka. A Oktoban 2024 aka sanar cewa ta kai ƙololuwar wannan zagayen. Shi ya sa hotunan suka yi yawa a waya a 'yan shekarun nan.

Ɗan Alaba Mai Sola: Tsaya tukuna. Awa 9 babu wuta shi ne har ya shiga tarihi? A layinmu an yi sati uku taransfoma na kwance, ko jarida ba ta zo ba. In guguwar nan ta zo Legas sai dai ta tarar an riga ta. Amma tambaya ta kasuwa: in ta yi tartsatsin, farantin sola na ƙara caji? In sa a talla.

Ɗalibar Akoka: Ba ya ƙarawa Yaya, kusan duk wannan hasken sama ke tare shi. Ka dai goge ƙurar harmatan.

Mahauci Oko-Oba: Jama'a wata magana. Yanzu matata ta kira, wai yara sun ga hoton a wayarta sun hau saman bene suna ƙyafta ido suna neman rubutun a jikin rana. Na ce ta sauko da su da bulala.

Ɗalibar Akoka: Don Allah Baba a sauko da su yanzu. Kallon rana kai tsaye yana ƙona bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi, yaro ba zai san ya yi wa kansa illa ba sai daga baya. Baƙin tabarau ba ya karewa. Kuma ko sun shekara suna kallo ba za su ga abin da ke hoton ba.

Shugaban Zaure: Kowa ya ja kunnen yaransa. Hajiya, tun safe ba mu sake jin ki ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ina nan, ina karantawa. Na ji kunya ne. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ban turo don in yaudari kowa ba. Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa a zauren nan ba. Ɗana na biyu ya bar gida wata bakwai ke nan. Ya ce min Kano zai je wurin ƙanwata, ashe Agadas ya nufa, zai tsallaka Libiya. Kira ɗaya ya yi daga can, ya ce Umma ki yafe min, gobe za mu shiga sahara. Shi ke nan. Lambar ba ta sake shiga ba. Ina zuwa shago, ina auna yadi, ina dariya da masu saye, in na dawo sai in shiga ɗakinsa in zauna. Takalmansa na ƙwallo suna nan bayan ƙofa, ban bari an taɓa ba.

Daren jiya na tashi ƙarfe uku na yi nafila, na ce ya Allah ka nuna min alama ko yana raye. Na idar da asuba ke nan, ina kan darduma, waya ta yi ƙara. Na buɗe, sai ga wannan, da maganar labari mai daɗi kafin Juma'a. Ku gaya min, in ku ne me za ku gani? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Maman Godiya Ikeja: Wayyo Hajiya. Ki yafe min, da na sani da na bi ki ta gefe. Ni ma uwa ce. Zan sa shi a addu'a.

Ɗalibar Akoka: Umma, ki yi haƙuri in maganata ta yi tsauri.

Ɗan Alaba Mai Sola: Hajiya na tuba da maganar rago.

Malam na Agege: Hajiya, babu abin kunya. Allah ya bayyana shi cikin aminci, ya sanyaya miki. Kuma ki sani Manzon Allah yana son fa'ali. Da aka tambaye shi mene ne, ya ce kalma mai daɗi. Mutum na cikin damuwa ya ji ko ya ga abin da ya sa ya kyautata zato ga Ubangijinsa, wannan ba a hana ba. Kin ga abin da ya tuna miki da sunan Allah a kan darduma, zuciyarki ta yi sanyi, ki riƙe wannan. Abin da nake roƙo ki saki shi ne wa'adin Juma'ar. Wanda ya rubuta bai san ki ba, bai san ɗanki ba. Ina tsoron Juma'a ta zo ta wuce, ki ga kamar Allah ne ya saɓa, alhali wani ne mai neman a yaɗa saƙonsa.

Tsohon Hedimasta Obalende: Na daɗe ina saurare. Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, al'umma guda ta taɓa yin haka. A watan Agusta na 1953 Faransa ta tsige Sarkin Maroko Muhammadu na Biyar ta kai shi gudun hijira, da farko Kosika, daga baya Madagaska. Mutanen ƙasar suka riƙa hawa soro da dare suna cewa ga fuskarsa a jikin wata. Maza da mata, malamai da jahilai. Ya dawo a Nuwamban 1955. Abin da nake ɗauka a ciki shi ne, ido yana zana wanda zuciya ke kewa.

Hajiya Mai Atamfa: Malam Hedimasta, da haka ne da fuskar yarona zan gani. Na duba, na ƙara girman hoton har ya dushe. Ba ya ciki.

Tsohon Hedimasta Obalende: Gaskiyarki Hajiya. Na yi shiru.

Direban Tanka Apapa: Ni dai har yanzu in na duba ina ganin sunan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na bi zaurukan nan huɗu na goge, na bar na wayata. Hajiya, akwai yaranmu da ke kai mai har Ƙonni da Maraɗi, zan sa su tambaya a tasha.

Mai Albasa Mile 12: Hajiya, albasar da muke saukewa wani lokaci daga Nijar take zuwa, kuma akwai dillalin da muke hulɗa da shi ɗan Agadas ne, ƙaninsa yana harkar motocin da ke shiga sahara. Kar ki sa sunan yaron a nan. Ki turo min ta gefe, da hotonsa, da watan da ya kira ki, da lambar da ya kira da ita. Motarsu za ta juya ranar Laraba.

Hajiya Mai Atamfa: Yanzu zan turo. Wanne hoton, na fasfo ko wanda ya yi da Sallah?

Mai Albasa Mile 12: Duka biyun. Wanda fuskar ta fi fitowa shi za a nuna.